Nutso a kan nutsattsun jirage a tekuna masu ɗumi: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ba sa ƙarewa a bakin masu shirin sauka kan jiragen ruwan da suka nutse a tekunan ƙasashe masu zafi. Wasu daga sababbin shiga suke fitowa, wasu kuma daga waɗanda suka daɗe suna nutso amma ba su taɓa sauka kan jirgi ba. Na faro daga masu sauƙi, ana tafiya ana zurfafawa.

Wai me ake zuwa gani a jirgin da ya nutse?

Abu biyu ne: jirgin kansa, da abin da ya mayar da shi gida. Ana sauka ne da kayan sukuba, wato tukunyar iska a baya da na'urar shaƙa a baki, irin tsarin da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera a Faransa a 1943. Kana bin igiya kana sauka, ba abin da kake gani sai shuɗi, can sai wata inuwa ta fara bayyana a ƙarƙashinka. Da farko kamar dutse. Sai ka ga layi miƙaƙƙe, ka ga ƙarfen kariya na gefen jirgi, ka ga tagogi a jere.

Ƙarfen da ya shekara hamsin ko tamanin a ruwan ɗumi ba ya zama tsirara. Murjani ya lulluɓe shi, soso ya tsiro a kansa, ƙananan kifaye dubbai sun cika ɗakin tuƙi har sai ka kaɗa hannu su buɗe maka hanya. Wasu masu nutso tarihi ne ke kawo su, su karanta labarin jirgin kafin su shiga ruwa. Wasu hoto kawai suke so. Ni dai na lura wanda ya san yadda jirgin ya nutse ya fi jin daɗin nutson, don yana gane abin da yake kallo: nan bam ya faɗa, nan ƙarfe ya naɗe kamar tabarma.

Sai na ƙware a iyo? Wace takardar shaida ake nema?

Ba sai ka zama gwani ba. A kwas na farko yawanci ana so ka yi iyon mita 200 ba tare da ka tsaya ba, kuma ka iya zama a saman ruwa na minti 10. Wannan kwas ɗin, na ƙungiyoyin horar da masu nutso irin su PADI da SSI da CMAS, yana ɗaukar kwana uku zuwa huɗu, kuma shaidar PADI ko SSI ta matakin farko tana ba ka damar sauka har mita 18. Mataki na biyu ya kai ka mita 30. Iyakar nutson nishaɗi gaba ɗaya mita 40 ce; abin da ya wuce nan wani fanni ne daban, da kayansa da iskarsa da horonsa.

Don kewaya jirgi ta waje, shaidar da ta dace da zurfin wurin ta isa. Shiga ciki kuwa yana da nasa kwas na musamman (duba tambayar shiga cikin jirgi a ƙasa).

An ce ruwan ɗumi ya fi sauƙi. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma a nan matsalar take. A yawancin waɗannan wurare ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 27 da 30 a ma'aunin salshiyos, kuma ido na iya kai mita 20 ko 30, wani lokaci ya fi. Ba kaya masu nauyi, ba sanyin da ke kashe yatsu. A tekunan arewacin Turai mai nutso yakan lallaɓa jirgi ne da tocila cikin duhu, ya ga mita uku gabansa ya gode Allah. A nan kuwa kana iya ganin ƙaramin jirgi tun daga goshi har farfela.

Amma ɗumi da haske ba sa rage zurfi ko da taku ɗaya. Matsin ruwa a mita 30 ɗaya ne ko ina a teku. Ruwan sanyi yana tuna maka cewa kana wurin da ba naka ba. Na ɗumi kuwa lallashinka yake yi. Sau da yawa na ga mutum ya hango farfela a ƙasa tangaram, ya ɗauka nan kusa take, ya bi ta, sai da kwamfutar nutson da ke hannunsa ta fara ƙara ya ankara ya wuce iyakarsa da mita goma. Ruwa da gilashin fuska suna sa abu ya yi kamar ya fi girma da kusan kashi ɗaya cikin uku kuma ya matso kusa, don haka ido ba abin dogaro ba ne a can. Kallon kitse ake yi wa rogo. Lambar da ke kan ma'aunin zurfi ita ce gaskiya.

Waɗanne ne fitattun wurare?

A Bahar Maliya, ta ɓangaren Masar, akwai Thistlegorm, jirgin dakon kaya na Birtaniya da jiragen saman yaƙin Jamus suka nutsar a watan Oktoba na 1941, yana ɗauke da kayan soja. Tsawonsa ya haura mita 120, yana zaune a zurfin kusan mita 30. A rumbunan kayansa har yau ga baburan BSA da Norton a jere, ga manyan motocin Bedford, ga bindigogi, ga takalman roba. Kawunan jirgin ƙasa biyu da ke samansa fashewar ta yi jifa da su, ɗaya dama ɗaya hagu, suna nan a kan yashi. Cousteau ya gano shi a shekarun 1950, aka manta da shi, sai a farkon shekarun 1990 masu nutso suka fara tururuwa. Kudu da nan, kusa da Port Sudan, akwai Umbria, na Italiya, wanda matuƙansa suka nutsar da hannunsu a Yunin 1940 don kada bama-baman da ke cikinsa su faɗa hannun Turawan Ingila.

A tekun Fasifik, tafkin tsibiran Chuuk na ƙasar Maikroneshiya, wanda a da ake kira Truk, shi ne babbar maƙabartar jirage. A ranakun 17 da 18 ga Fabrairun 1944 jiragen saman Amurka suka afka wa sansanin sojan ruwan Japan da ke nan, suka nutsar da jirage sama da 40. Fujikawa Maru yana da gangar jikin jiragen saman yaƙi a rumbunsa. San Francisco Maru yana da ƙananan tankokin yaƙi a samansa, amma yana wajen mita 50 zuwa ƙasa, ya fi ƙarfin mai nutson nishaɗi. A Filifin akwai jiragen Japan na gaɓar Coron, da aka nutsar a Satumban shekarar. A Vanuatu akwai President Coolidge, ƙaton jirgin fasinja na Amurka mai tsawon kusan mita 200 da aka mayar na ɗaukar soja, ya taka nakiyoyin ruwa na Amurka da kanta a Oktoban 1942; sojoji sama da 5,000 suka fita da ƙafarsu, mutum biyu ne suka rasu.

A Ostareliya kuwa Yongala ne, da guguwa ta nutsar a 1911 da mutum 122, ba a gano shi ba sai 1958. Ba don kayan ciki ake zuwa wurinsa ba, don doka ta hana shiga. Kifin da ke kewaye da shi ne ya sa ake ta zancensa.

Wanne ya dace da sabon shiga?

Liberty, a ƙauyen Tulamben na tsibirin Bali a Indonesiya. Jirgin dakon kayan sojan Amurka ne da jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan ya harba a Janairun 1942, aka ja shi zuwa gaɓa ya zauna a nan shekara 21. Da dutsen Agung ya yi aman wuta a 1963, girgizar ta tura shi cikin ruwa. Yanzu daga bakin teku kake shiga da ƙafa, ka yi iyo kaɗan, sai ga shi. Samansa na wajen mita 5, ƙasansa na wajen 30. Ya farfashe sosai, kusan ko ina a buɗe yake.

Sai kuma jiragen da aka nutsar da gangan don masu nutso, kamar Kittiwake a tsibirin Grand Cayman na yankin Karibiyan, da aka nutsar a 2011. Irin waɗannan sai an wanke su daga mai, an cire ƙofofi da wayoyi, an yanka manyan kafofi a jikinsu kafin a saukar da su. Thistlegorm duk da sunansa ba na farawa ba ne, saboda zurfinsa da jan ruwan wurin.

Waɗanne kaya nake bukata bayan na kullum?

Na kullum dai su ne tukunya, na'urar shaƙa mai baki biyu, rigar iska da ake hurawa ko a sace don daidaita nauyi, dalmar ƙara nauyi, gilashin fuska, filafilan ƙafa da kwamfutar hannu. A kan jirgi sai ka ƙara tocila, ko da rana tsaka, domin ruwa yana shanye launi: ja ne ke fara ɓacewa tun a wajen mita 5, a mita 30 kuwa komai shuɗi-shuɗi ne ko toka-toka, sai ka haska murjanin ka ga ashe ja ne da ruwan lemo. Ka ƙara wuƙa ko almakashi, don jirage matattarar kifi ne, inda kifi yake kuma nan masunta ke barin zaren ƙugiya da yagaggiyar koma. Zaren nan ba ya ganuwa a ruwa, sai dai ka ji an riƙe ka ta baya. Ka ƙara doguwar balan-balan mai launin lemo da ake hurawa a saki sama don kwalekwale ya san inda kake.

Duk abin da ke reto a jikinka, ma'aunin iska ne ko bakin shaƙa na biyu, ka maƙale shi. Masu shiga ciki suna ƙara kwarkwaron igiya da tocila ta biyu, wasu har ta uku.

Tunda ruwan da ɗumi, me zan yi da rigar roba?

Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu. A nutso na uku na yini, ruwa mai digiri 28 ma sai ya sa ka karkarwa. Ga kuma tsatsa mai kaifi kamar reza. Riga mai kaurin milimita 3 da ta rufe hannu da ƙafa ta isa a yawancin wurare. A arewacin Bahar Maliya lokacin hunturu, da ruwa ke sauka wajen digiri 22, sai mai milimita 5 ko fiye.

Minti nawa zan yi a ƙasa?

Agogo biyu ne ke gudu a lokaci guda, wanda ya riga ƙarewa shi ke da hukunci. Na farko iskar tukunya. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara matsi daidai da na iskar duniya a doron ƙasa, don haka a mita 30 matsin ya ninka huɗu, kuma kowane numfashi yana cin iska ninki huɗu. Mu ɗauki tukunyar lita 11 da aka cika zuwa bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne): lita 2,200 ke nan. Ka ware bar 50 na ajiya, saura lita 1,650. Wanda ke shaƙar lita 20 a minti a sama, a mita 30 lita 80 zai riƙa sha. Minti ashirin ke nan, ban da sauka da hawa. In ya ji tsoro ko yana kokawa da jan ruwa, lissafin ya rushe.

Na biyu naitrojin. Kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa shi ne, kuma a ƙarƙashin matsi yana narkewa ya shiga jini da tsoka. A jadawalin PADI, wanda ya sauka mita 18 yana da minti 56 kafin ya kai matsayin da ba zai iya hawa kai tsaye ba. A mita 30 minti 20 ne kacal. Nutso na biyu a yini ya fi na farko gajarta, don akwai sauran naitrojin a jiki. Shi ya sa ake fara da wuri mafi zurfi, a ce farfela, sannan a riƙa hawa ana kallon saman jirgin. A hau a hankali, kada a wuce kimanin mita 9 zuwa 10 a minti, a tsaya minti 3 a mita 5. Kuma ko da wasa kada ka riƙe numfashi kana hawa, don iskar da ke huhu kumbura take yi.

Naitroks fa, yana da amfani a nan?

Sosai, domin jirage da yawa suna tsakanin mita 18 da 30, inda ya fi aiki. Naitroks iska ce da aka ƙara wa oksijin, yawanci zuwa kashi 32 maimakon 21, naitrojin ya ragu. A mita 30 yana mayar da minti 20 ɗin nan wajen 30. Sai dai bai ƙara ko lita ɗaya a tukunyarka ba, kuma yana da tasa iyakar: oksijin mai yawa a ƙarƙashin matsi yana iya jawo farfaɗiya a cikin ruwa, don haka mai kashi 32 ba a wuce wajen mita 34 da shi. Kwas ɗin gajere ne. Ka auna tukunyarka da kanka kafin ka shiga ruwa, ka rubuta adadin a jikinta, ka saita kwamfutarka a kai.

Zan iya shiga cikin jirgin?

Mataki uku ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi yadda ake zato. Na farko kewayawa ta waje, kana leƙa tagogi da tocila. Mafi yawan abin kallo ma a nan yake. Na biyu shiga inda hasken rana ke kaiwa, kana ganin mafita a kowane lokaci. Ƙa'idar PADI a nan ita ce zurfin wurin da nisan da ka shiga, in an haɗa su, kada su wuce mita 40: in ƙofar tana mita 25, mita 15 kawai gare ka a ciki. Ba a shiga matsattsen wurin da mutum biyu ba za su iya wucewa suna raba iska ba. Na uku shi ne kutsawa can ciki inda duhu ne ƙirin, da tukwane biyu da horo na daban.

Abin da ya raba waje da ciki rufi ne. A waje in wani abu ya lalace, sama tana nan a kanka. A ciki sai ka fara nemo ƙofa tukuna. Saboda haka ake raba iska uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya ba a taɓa shi sai in wani ya shiga matsala. Kuma ana ɗaura igiya daga waje a riƙa warware ta ana tafiya. Iya ruwa fid da kai, in ji masu magana, kuma a cikin jirgi maganar ba karin magana ba ce kawai.

Jagora zai iya ce maka, "Biyo ni kawai, na shiga nan sau ɗari." Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma in kuka rabu a ciki, sau ɗarin nan suna kansa shi kaɗai.

Me ya fi haɗari a ciki?

Laka. Mutane sun fi tsoron rufi ya rufto ko wani kifi ya fito daga duhu, amma abin da ya fi ɓatar da masu nutso ita ce lallausar lakar da ta shekara da shekaru tana kwanciya a kowane lungu, haɗe da garin tsatsa. Na taɓa shiga ɗakin injin wani jirgin dakon kaya, mu huɗu, ni ne na ƙarshe. Ruwan garau, ana ganin ma'aunan inji da allurarsu. Na gabana ya ji tukunyarsa ta bugi wani bututu, ya razana, ya kaɗa ƙafa da ƙarfi sau biyu ko uku. Kafin in ƙirga biyar ɗakin ya koma kamar an kwaɓa jar ƙasa. Na ɗora kwamfutata a kan gilashin fuskata ban iya karanta ta ba, tocila kuwa sai ƙara makantar da ni take yi, kamar fitilar mota a cikin hazo. Ƙofar ba ta fi mita huɗu daga inda nake ba, amma da an tambaye ni ina take da na nuna bango. Yatsuna biyu na kan igiya, ita na bi har na ga shuɗi.

Ko ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba, kumfar numfashinka tana bugun rufi ta kakkaɓo tsatsa ta riƙa zubo muku. Shi ya sa hanyar fita kullum ta fi ta shiga duhu. Ana koyon bugun ƙafa irin na kwaɗo, gwiwa a lanƙwashe, ruwan yana tafiya baya maimakon ƙasa. Wanda bai iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa ba tare da ya kama komai ba, bai isa shiga ba tukuna. Bayan laka sai wayoyin lantarki da ke reto daga rufi, sai kuma ruɗewa: jirgin da ya kwanta a gefe, bango ya zama ƙasa, matakala tana tafiya a kwance, har wasu kan ji jiri.

Na ga iska ta taru a rufin wani ɗaki. Zan iya cire na'ura in shaƙa?

A'a. Ko dai tsohon numfashin masu nutso ne da tsatsa ta cinye oksijin ɗinsa, ko kuma tururin mai da iskar ruɓa. Shaƙa ɗaya ko biyu na iya sumar da mutum.

Yaya ake yi da jan ruwa?

Jirage da yawa a fili suke, ba abin da ya kare su, kuma ruwa na iya sauya ƙarfi da alkibla tsakanin safe da azahar. A irin su Thistlegorm da Yongala da igiya ake sauka, da ita ake hawa, hannu bi hannu, wani lokaci jikinka na kaɗawa kamar tuta. Da ka isa ƙasa, ka tsaya ka dubi inda aka ɗaura igiyarku da kyau, don a wurin da ake cunkoso za ka tarar da igiyoyi da yawa, kowace da kwalekwalenta. Ka fara tafiya kana fuskantar ruwan tun kana da ƙarfi da iska, ya dawo da kai a ƙarshe. Jikin jirgin kansa garkuwa ne, ka bi ɓangaren da ruwan bai bugawa.

In igiya ta kuɓuce maka, kada ka ƙarar da iskarka wajen kokawa. Kai da abokin nutsonka ku saki balan-balan, ku hau a hankali, ku yi tsayuwarku ta mita 5 ruwa na tafiya da ku, kwalekwale zai biyo alamar.

Akwai kifin shak? Me zai iya cutar da ni?

Akwai a wasu wuraren, kuma yawanci ko kallo ba ka ishe su ba. Waɗanda ke raunata mutane ƙanana ne masu zaman shiru. Kifin dutse da kifin kunama suna kwanciya a kan ƙarfe, launinsu ya saje da tsatsa, ƙayoyin bayansu da dafi. Na kifin dutse yana iya kai mutum asibiti. Kifin zaki yana son inuwar ƙofofi. Murjanin wuta, mai launin ƙasa-ƙasa da farin baki, yana tsirowa a kan ƙarafan kariya da tsofaffin igiyoyi, daidai inda hannu ke son kamawa. Dogayen kifaye masu kama da maciji suna zama cikin bututu, ba sa cizo sai an zura musu hannu. Duk maganin ɗaya ne: hannunka ya zauna a jikinka. In ƙaya mai dafi ta soke ka, a jiƙa wurin a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, a nemi likita. Yankan tsatsa ko murjani kuma a wanke shi sosai, don a yanayin zafi ƙaramin ƙwarzane kan rikiɗe ya zama gyambo.

Mene ne mayen zurfi?

Daga wajen mita 30, naitrojin yana taɓa ƙwaƙwalwa kamar abin sa maye. Wani ya ji nishaɗi, wani ya ji tsoro ba dalili, wani ya dubi ma'aunin iska sau uku bai riƙe lambar ba. Mai shi ba ya cika sanin ya kama shi. Hawa 'yan mitoci yana warware shi nan take. Illarsa a kan jirgi ita ce yana zuwa daidai lokacin da kake tsaye bakin wata ƙofa mai duhu kana shawarar shiga. Don haka a yanke shawarar tun a kwalekwale: zurfi kaza, minti kaza, ciki ko waje, kuma ba a sauya ta a ƙasa sai dai a rage.

Zan iya ɗauko wani ɗan abu na tunawa?

A'a. A Chuuk da Masar da Ostareliya doka ta hana, kuma yarjejeniyar UNESCO ta 2001 ta ba da kariya ga abin da ya shekara 100 a ƙarƙashin ruwa. Thistlegorm shaida ne kan abin da hannu ke yi: sitiyarin motoci da tambarin babura da yawa sun tafi gidajen mutane. Abin takaicin ma, ƙarfen da ya sha gishiri in an fito da shi iska ba tare da gyara ba, ruɓewa yake ya zama gari. Harsasai da bama-bamai kuwa, shekara tamanin a ruwa ba ta kashe su ba.

Wasu jiragen kaburbura ne. Na Chuuk sun nutse da dubban mutane, kuma hukumomin Japan sun sha zuwa kwashe ƙasusuwa. Salem Express, jirgin fasinja da ya taso daga Jidda ya bugi murjani kusa da Safaga a Masar a Disamban 1991, ya tafi da mutum sama da 400. Akwatunan matafiya suna nan, da takalma, da kwalekwalen ceto da ba a samu sukunin saukarwa ba suna kwance a kan yashi. Akwai jagororin da ba sa kai kowa wurin sam, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda ya je, ya tsaya a waje, ya bar hoton dariya da ɗaga yatsu.

Wa bai kamata ya yi nutso ba?

Mai juna biyu, mai farfaɗiya, mai ciwon sikila, da wanda huhunsa ya taɓa sacewa haka kawai. Masu asma, ciwon zuciya, hawan jini ko ciwon suga sai likitan da ya san harkar nutso ya duba su ya amince. Akwai takardar tambayoyin lafiya da ake cikewa kafin kwas. Kada a yi mata ƙarya don gudun ɓata tafiya. Mura ma ta isa ta hana ka nutson ranar, domin in hanci ya toshe kunne ba zai daidaita da matsi ba, kuma a mitocin farko ne dodon kunne ya fi shan wahala.

Mene ne alamun ciwon kumfa, kuma yaushe zan iya hawa jirgin sama?

In aka hau da sauri ko aka wuce lokacin da aka yi bayani a tambayar minti nawa, naitrojin ɗin da ya narke yana fita ne a matsayin kumfa, kamar an buɗe kwalbar lemo bayan an girgiza. Alamun sun haɗa da ciwon gaɓoɓi musamman kafaɗa da gwiwar hannu, gajiya marar dalili, ƙaiƙayi da tabo a fata, mutuwar wani sashe na jiki, jiri, ko kasa fitsari. Yawanci cikin 'yan sa'o'i suke bayyana, wani lokaci har kwana guda. A ba mutum oksijin zalla, a kwantar da shi, a nemi ɗakin matsi mafi kusa, wato ɗakin jinya da ake ƙara wa matsin iska don kumfar ta narke. Kada a mayar da shi ruwa da sunan magani. Zafin rana da gumi suna busar da jiki, kuma ƙarancin ruwa a jiki yana cikin abubuwan da ake ganin suna ƙara haɗarin, don haka a sha ruwa sosai. Tsibirai da yawa suna nesa da ɗakin matsi, kuma kwaso marar lafiya ta sama yana da tsada ƙwarai. Ka tambayi inda yake tun kafin ka je, ka yi inshorar da ta ambaci nutso ƙarara.

Game da jirgin sama, shawarar DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso guda, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere. Da yawa suna cika ta 24. Hawa dutse mai tsawo da mota ma yana cikin lissafin.

Jiragen nan za su daɗe a haka?

Ba za su daɗe ba. Ruwan gishiri mai ɗumi yana cin ƙarfe, kuma jiragen yaƙin duniya na biyu sun haura shekara tamanin a ciki. Ɗakunan tuƙi da mutane suka ratsa shekaru ashirin da suka wuce, wasu yanzu sun rufta. A Chuuk akwai damuwa kan man da ya rage a tankunan jiragen, wanda ke tsiyaya sannu a hankali. Masu nutso ma da nasu hannu: igiyoyin da kwalekwale ke ɗaurawa a jikin jirgi suna fizgar ƙarfe, kumfar numfashi da ke taruwa a rufi tana hanzarta tsatsa. Guguwa kuma ba ta bar ko sababbi ba. Kittiwake da aka zaunar a miƙe, ta 2017 ta kwantar da shi a gefe.

Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne taswirar da ka gani ko labarin da wani ya ba ka na shekara biyar baya ba lallai su yi daidai da yau ba. Ka saurari bayanin jagora na safiyar ranar, ka tambaye shi kai tsaye ko akwai sashen da ya motsa ko aka rufe a bana, kuma in ka ga ƙarfen rufi ya lotsa ko yana zubar da ɓawon tsatsa shi kaɗai, ka bi ta waje.